Yadda ake zaɓar baƙin mai da filta ga a-kori-kurar da ta sha tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ranar juye ya san wannan al'adar. Bakanike zai buɗe galan, ya dangwalo man da yatsa, ya murza, ya ja ya ga ko yana yin zare, sannan ya ce, "Alhaji, wannan yana da jiki, irinsa tsohon inji yake so." Shekara biyu na yi ina sayen baƙin mai a kan wannan gwajin, har wata Alhamis da hantsi jar fitilar mai ta kama a Hilux ɗina, ina hanyar Maigatari da buhunan riɗi a baya. Da aka kwance kaskon ƙasan injin, abin da muka tarar a bakin rariyar famfon mai kamar kwalta ce aka dama da yashi. Man da nake zubawa yana da kauri, babu shakka, amma babu sinadaran da ke wanke inji a cikinsa. Ga shi kuma tiyon iska ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, injin yana ta haɗiyar ƙura. Rabin ribar wannan kakar a kan metal (ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu) da ringi da kuɗin aiki ta ƙare.

Tun daga ranar na daina yarda da yatsa. Motocinmu na ƙauye suna shan wahalar da motar birni ba ta sani ba: yau gero zuwa Dawanau, gobe taki zuwa fadama, ran Juma'a awaki zuwa Wudil, yawancin tafiyar a kan burji da yashi, da lodin da ya wuce ƙa'ida. Mafi yawansu kuma sun gama yi wa wani bauta a Turai ko a wani kamfani kafin su zo hannunmu. Irin wannan motar za ta iya ƙara shekaru masu yawa tana ciyar da gida, in dai mai ita ya san abin da yake zuba mata. Ga yadda nake bi yanzu, daki-daki.

Fara sanin injin da ke cikin motar

Hilux kaɗai tana zuwa da injuna iri-iri, kuma kowanne da buƙatarsa. A ɓangaren fetur akwai tsohon 22R mai kafireto, da 3RZ, da 2TR mai lita 2.7 wanda ya fi yawa a motocin da suka fito daga hannun gwamnati da kamfanoni. A ɓangaren gas, wato dizal, akwai 5L mai lita 3.0 marar turbo, da 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 waɗanda ake rubuta wa D-4D, sai na baya-bayan nan, 2GD da 1GD, da suka fara fitowa a 2015. Mitsubishi L200 ta gas yawanci 4D56 ne a cikinta. Nissan kuwa za ka tarar da KA24 na fetur, ko TD27 da YD25 na gas. Ga kuma tsohuwa mai ran ƙarfe, Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda har yau ba ta bar hanyoyin kasuwannin ƙauye ba.

Za ka ga lambar injin a kan ɗan farantin da ke cikin bonet ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Amma tunda motar hannu ce, mai yiwuwa an taɓa sauya mata inji, don haka sa bakanike ya goge jikin bulok ya nuna maka lambar da aka buga a kai. Ita za ka rubuta ka ajiye a waya.

Mitar tafiya kuwa kada ka ɗora mata rai. Wata ta daɗe da tsayawa, wata an mayar da ita baya kafin a sayar maka. In motar daga Amurka ta fito, kamar Tacoma ko Frontier, da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Wato in ka ga 200,000, motar ta ci kilomita 320,000 ke nan.

Ka saurari injin kafin ka je kasuwa

Wannan matakin shi ne aka fi tsallakewa, alhali shi zai gaya maka man da ya dace. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, da safe kafin a tayar da ita, ka zaro sandar gwajin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Cika man zuwa alamar sama, ka rubuta abin da mita ta nuna. In mita ba ta aiki, ƙirga zirga-zirgarka, ai ka san nisan garinku zuwa Kano. Bayan kilomita 1,000 ka sake dubawa a wuri ɗaya, ka ga nawa ya ragu. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin waɗannan motoci lita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Littafin Toyota da kansa ya sa iyakar shan mai a lita ɗaya cikin kilomita 1,000. Injin da ya wuce haka gyara yake nema, babu galan ɗin da zai warkar da shi. Kafin ka yanke hukunci dai, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya kwana, don sau da yawa man yoyo yake yi ta gasket ko sil, wato robar da ke tare mai, ba ƙonewa yake ba.

Sai hayaƙi. Sa yaron motarka ya taka totur, kai ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen mai yana nufin baƙin mai na shiga ɗakin ƙuna, ta ringi ko ta sil ɗin bawul ko ta turbo. Baƙin hayaƙi alama ce ta fetur ko gas ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kuma sau tari filtar iska ce ta toshe. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan maganar tof gasket ce, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok.

Buɗe murfin da ake zuba mai ka duba cikinsa. In ka ga abu kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai. In ka ga baƙin dasƙararren datti kamar sabulun salo, injin ya sha dogon zango ba juye a hannun wanda ya riga ka. Sannan, inji na aiki a tsaye, ɗora murfin a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. Ɗan motsi ba komai ba ne, musamman a injin gas. Amma in yana tsalle, hayaƙi na bugowa kamar tukunyar dambu, ringi sun gaji.

Abu ɗaya da ke yaudarar mutane: man da ke ƙaruwa da kansa. Wani har murna yake yi wai motarsa ba ta shan mai. Shinshina sandar. In kana jin warin gas ko fetur, nozul ko kafireto ne ke zubar da shi cikin kasko, yana tsinka man. Masu 1KD da 2KD su ƙara kula da wani abu: wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul in ta ci, hayaƙi yakan ɓullo ya gauraya da mai, ya zama gawayi, ya toshe rariyar famfon mai. Duk ranar da aka cire nozul, a sa sababbin wasa.

Karanta jikin galan

Rubutu biyu ne suka fi muhimmanci a jikin galan.

Na farko shi ne SAE, irin su 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30. Wannan ma'aunin kauri ne. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu in yana da sanyi. Ƙaramar lamba, saurin gudu. Lambar baya tana nuna kaurinsa in ya yi zafi, a ma'aunin digiri 100, kusan zafin da yake aiki a cikin inji. A nan ne gwajin yatsa ya faɗi, domin yatsa yana taɓa man ne a inuwar gareji, shi kuwa metal yana haɗuwa da shi ne yana da zafin tafasasshen ruwa. Man da ya yi maka jiki a hannu zai iya komawa kamar ruwa a hawan gada da lodi, wani kuma da ka raina ya riƙe kaurinsa.

Lambobin biyu duk suna da aiki a ƙasarmu. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, mota na jan kaya cikin yashi da giya ta biyu, nan lambar baya ce ke ceton inji. A watan Janairu kuwa, da asubahin hunturu, lokacin da masu zuwa kasuwa ke tayar da mota, man ya kwana ya yi nauyi, kuma 'yan daƙiƙun farko kafin ya hau saman inji su ne lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Shi ya sa ba na son man da aka rubuta wa SAE 40 kawai, babu W. Yana da sauƙin kuɗi, tsofaffin injunan ban-ruwa da janareto suna lafiya da shi, amma a mota yana jinkirin hawa da safe, musamman mai turbo.

Rubutu na biyu shi ne API, kuma shi ne ke nuna ingancin sinadaran da ke ciki. Baƙin mai na gaskiya haɗi ne: tushen mai, sannan sinadarin da ke wanke datti, da wanda ke riƙe dattin yana yawo har ranar juye kada ya kwanta, da wanda ke shimfiɗa kariya a kan ƙarfe, da wanda ke kashe tsamin da ƙonewar mai ke haifarwa. Babu ɗaya cikinsu da ido ko yatsa ke iya ganewa. Harafin S na injin fetur ne, harafin C na injin gas. Harafi na biyu kuma gwargwadon nisansa a jerin baƙaƙe, gwargwadon sabuntarsa. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A ɓangaren gas, CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002. In ka ga SA ko SB ko SC a jikin galan, ajiye shi, wannan ma'aunin motocin zamanin kakanni ne. In babu API gaba ɗaya, kada ma ka tambayi kuɗinsa.

Wani galan za ka ga an rubuta duka biyun, misali CI-4/SL. Wannan zai yi a injin gas, zai yi a na fetur. Amma man da ke ɗauke da S kaɗai kada ya shiga injin gas. Gas yana fitar da baƙin toka mai yawa, kuma in akwai farar wuta a cikinsa, tana komawa tsami a cikin kasko. Baƙin man injin fetur ba a haɗa shi don ɗaukar wannan nauyin ba.

To, wanne za ka ɗauka?

Ga injin gas, ko 5L ne, ko 2KD, ko 1KD, ko 4D56, ko TD27, ni 15W-40 nake zubawa, mai CH-4 ko CI-4. Shi ne irin man da manyan motoci ke sha, ana samunsa ko'ina, kuma yana jure zafi da toka. Total Rubia, Mobil Delvac da Shell Rimula duk suna da wannan ajin, haka ma kamfanonin gida irin su Ammasco da ke nan Kano suna haɗa man injin gas. Ka duba lambobin, kada suna ya ɗauke maka hankali. Kuma kada ka tsorata in man ya yi baƙi bayan kwana biyu da juye. A injin gas haka ya kamata, alama ce yana kwasar datti. Wanda ya yi wata biyu yana nan garau kamar man gyaɗa shi ne abin zargi, domin dattin yana can ya kwanta a inda ba ka gani.

Ga tsofaffin injunan fetur irin 22R da 3RZ da KA24 da na 504, in gwajinka ya nuna suna ɗan shan mai, ko fitilar mai tana ƙyaftawa in inji ya yi zafi a tsaye, 20W-50 mai SL ko sama da haka shi ne daidai. Gibin da ke tsakanin ƙarafan ya buɗe, kaurin zai taimaka. In kuwa injin lafiya lau yake, ba ya sha, ba ya hayaƙi, 15W-40 ya ishe shi.

2TR sai an yi masa a hankali. Yana da VVT-i, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kuma da matsin baƙin mai take aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar rariya. Mai kauri sosai ko mai datti yana sa ta kasala, mota ta rasa ƙarfi, ta ƙara shan fetur. Fara da 10W-40 ko 15W-40. Kada ka hau 20W-50 sai in ya nuna maka yana buƙata. Ƙa'idar ita ce a hau mataki ɗaya-ɗaya, a yi zango guda ana lura, sannan a yanke shawara.

In motarka ta gas sabuwar shigowa ce daga Turai, mai yiwuwa akwai matatar toka a salansarta, wadda ake kira DPF. Irin wannan tana son mai mai ƙarancin toka, wanda aka rubuta wa ACEA C2 ko C3, yawanci 5W-30. Man manyan motoci zai toshe matatar a hankali. Tambayi mai gyaran da ya san motocin zamani ya leƙa maka ƙasa.

Ana yawan tambayata batun man sintetik. Mai kyau ne, ya fi jure zafi, babu gardama. Sai dai a hanyoyinmu ƙura ce ke kashe mai tun kafin ya tsufa, don haka kuɗin galan ɗaya na sintetik gara ka raba shi biyu ka yi juye sau biyu da mai na gaskiya mai matsakaicin kuɗi. Kuma a injin da sil ɗinsa suka bushe, sintetik yakan wanke dattin da ke toshe ƙofofin yoyo, sai ka ga ɗigo inda da babu. Akwai kuma wanda ake rubuta wa High Mileage, an ƙara masa sinadarin da ke tausasa sil. Yana rage ɗan tsattsafi, amma ba ya ɗinke sil ɗin da ya yage.

Abu biyu nake roƙonka ka guje wa. Na ɗaya, ɗan gwangwanin nan mai kauri kamar zuma da ake ƙarawa wai don ya kashe hayaƙi. Yana ɓoye ciwo ne kawai, dillalai sun san shi sarai. Na biyu, wanke cikin tsohon inji da kananzir ko gas ko maganin wanki mai ƙarfi. Dattin shekara goma in ya ɓalle lokaci ɗaya, rariyar famfo zai nufa, garin neman gira a rasa ido. In injinka ya yi datti, yi juye biyu ko uku a kusa-kusa, kowane kilomita 1,500 zuwa 2,000, da sabuwar filta kowane karo. Man kirki zai wanke shi sannu a hankali.

Wajen saye, zuwa da kai ya fi aike

Man da ake aunawa daga durom a zuba a gorar ruwa a bakin tasha, ba ka san asalinsa ba, shi ma mai sayarwar sau da yawa bai sani ba. Wani tushen mai ne zalla ba sinadari, wani tsohon mai ne aka tace. Irinsa ne ya cinye mini metal. Ka je gidan mai na kamfanin, ko wurin babban dila, ko shagon da ka daɗe da sani a Ƙofar Ruwa, ka saya da hannunka. Duba zoben murfi bai rabu ba, takardar da ke liƙe a bakin galan ba a taɓa ɗaga ta ba, lambar haɗi da kwanan wata sun fito sarai, ga alamar hukumar SON in na gida ne. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, araha ce da ba ta ado. In ka gama da galan, huda shi ko ka yanka shi ka yi mazubi, domin galan mai kyan gani da aka tsinta a gareji shi ake sake cikawa a sayar wa ɗan'uwanka.

Ka kuma san yawan da motarka ke ci. Galan ɗinmu lita 4 ne ko 5. 504 tana cika da kusan lita 4, 2TR yana cin lita 5 da rabi da 'yan kai, 2KD kuwa kusan lita 7. Da yawa suna zuba galan ɗaya su tafi, mota na yawo da ƙishi. Sayi ƙarin lita ɗaya ka ajiye a bayan kujera. In ta kama ka a hanya babu irin naka, zuba kowane mai na kirki da ka samu. Haɗa kamfani biyu bai kai tafiya da kasko rabi illa ba.

Filtar mai

A waje duk gwangwani ne mai fenti, bambancin yana ciki. Filta ta gaskiya tana da takarda mai ninki da yawa, da robar da ke hana mai zurarewa ya koma kasko in mota ta kwana, da ɗan bawul mai sifirin da ke buɗewa in takardar ta toshe don kada inji ya rasa mai. Ta jabu takan zo da takarda kaɗan, roba mai tauri, wani lokaci ma babu bawul ɗin. Alamarta a mota ita ce ƙarar kaf-kaf-kaf da safe, da fitilar mai da ke jinkirin mutuwa bayan an tayar. In ka sa sabuwar filta ka fara jin haka, cire ta a ranar.

A shago, ɗauki biyu ka auna a hannu, ta kirki ta fi nauyi. Leƙa ta ƙananan ramukan ka ga robar a kwance lif, duba zaren dunƙulewa ya fita tsaf babu ɓurɓushin ƙarfe, girgiza ka ji babu abin da ke kaɗawa. Lambar filtar mai ta Toyota da 90915 take farawa, ta iska da 17801, amma lambobin da ke biye su ne ke bambanta inji da inji, don haka tafi da tsohuwar ko hotonta. Zare ya hau ba shi ne dacewa ba. Faɗin robar baki da ƙarfin bawul ma sai sun yi daidai. In ta asali ta gagara, Denso, Mann, Bosch da Sakura sanannu ne, muddin su ma na gaskiyar ka samu. Kuma kowane juye da sabuwar filta. Tsohuwa tana riƙe da baƙin dattin da zai gurɓata sabon man tun a minti na farko.

Filtar iska, wadda bakanike ke kira iya kilina

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi kashe injunan ƙauye, ƙura zan ce. Ƙurar burji da ta hunturu garin yashi ce, ta fi ƙarfen silinda tauri. In ta shiga, sai ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da silinda a kowane bugu. Ko man da ya fi kowanne tsada ka zuba, ba zai hana ta ba.

Lokacin hunturu, ko in kana bin ayarin motoci ranar kasuwa, buɗe akwatin filtar kowane mako. Bubbuga ta a hankali a tafin hannu. In za a busa da iskar mai faci, a busa daga ɓangaren da ba shi da ƙura zuwa waje, kuma kada a manna bakin tiyon a jikin takardar, yana huda ta. Kada a wanke filtar takarda da ruwa ko fetur. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta: in ka ga ɗigon haske kamar hudar allura, ta gama aiki. Robar gefenta ma in ta taurare ko ta lanƙwashe, ƙura za ta bi ta gefe ta wuce.

Sannan ka yi abin da ni ban yi ba sai da na yi asara. Cire tiyon da ya tashi daga akwatin zuwa inji, ka shafa cikinsa da farin ƙyalle. Ya kamata ya fito fes. In ka ga jar ƙura, akwai inda take shiga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lanƙwasa tiyon ka duba cikin ninkinsa ta ƙasa, duba kilif-kilif ɗin murfi duk suna kamawa. Na sha ganin akwatin da aka ɗaure da roba ko waya, da motar da aka cire wa filta gaba ɗaya wai don ta ƙara gudu. Wannan injin kwanansa ƙirgagge ne. Masu tsohuwar 504 da ke da iya kilina mai kaskon mai a ƙasa, su zubar da laka su wanke, su zuba sabon mai daidai alama.

Filtar gas da ta fetur

Wanda ke shan mai a jarka wurin 'yan bumburutu, dole ya riƙa sauya wannan filtar fiye da na birni. A injin D-4D matsin gas ɗin da ke zuwa nozul ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar, alhali iskar tayar motarka kusan 3 ce. Ɗan ruwa ko ƙwayar yashi a irin wannan matsi yana lalata nozul da famfo, kuma kuɗinsu ya ninka na filta sau da yawa. A ƙasan filtar gas akwai wurin da ruwa ke taruwa. In fitilarsa ta kama, ko duk wata ɗaya musamman da damina, sassauta ɗan makunnin ƙasa, ka danna famfon hannu da ke sama har ruwan ya fita, gas mai tsabta ya biyo. Ni ina sauya ta duk bayan juye biyu, da zarar kuma mota ta fara shaƙewa a hawa. In dole ka sha na jarka, tace shi da tsabtataccen ƙyalle, kada kuma ka juye na gindin.

Ranar juye

Ka tsaya a wurin, ko da bakaniken ɗan'uwanka ne. A yi juyen inji na da ɗumi, don man ya tsinke ya fito da datti. A bar shi ya tsiyaye sosai, minti goma ko fiye. Kalli abin da ya fito a rana: ƙyalƙyali kamar garin zinariya yana nufin metal ya fara ci, gara ka sani yau. A sa sabuwar wasa a noti na ƙasa, a ɗaure daidai, ban da hawa kan sifana da ƙafa. In an cire tsohuwar filta, a tabbatar robarta ba ta liƙe a jikin inji ba, domin roba biyu in suka haɗu, man zai fashe a hanya. A shafa sabon mai a robar sabuwar, a murza da hannu har ta taɓa, sannan a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure filta da sifana.

A zuba man, a tayar ba tare da taka totur ba, fitilar ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a kashe, a jira minti biyar, a sake aunawa. Kada ya wuce alamar sama. In ya yi yawa, kiranshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kuma yana matsa wa sil har su fara yoyo.

Rubuta kwanan wata da mita da irin man a ɗan littafi ko a jikin ƙofa. A hanyoyinmu kilomita 5,000 ita ce iyaka, ko wata shida in motar ba ta yawan fita, duk wanda ya riga zuwa. Lokacin kaka, da mota ke kwana tana jigila a cikin ƙura, ni a 3,500 zuwa 4,000 nake juyewa. Mai turbo kuma, in ya iso da lodi daga doguwar tafiya, ya bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ya kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi.

Tsohon man da aka juye a tara shi a jarka mai murfi. Kada a zubar kusa da rijiya ko a gona ko a kwatar da ke gangarawa fadama, kuma don Allah a daina shafa shi a gyambon jaki ko na shanu, akwai guba a cikinsa da ke ratsa fata. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Washegari da safe, kafin ka ɗora kaya, sake zaro sandar ka duba, ka kuma leƙa ƙasan inda motar ta kwana.